Yadda ake rainon jaririyar kyanwa da ta rasa uwa

Yawanci kukansu ne ke tona inda suke, wani ɗan siririn kuka daga bayan buhunan hatsi a sito, ko cikin silin, ko a kango bayan gida, kaje ka leƙa ka tarar da abu ɗan mitsitsi ido a rufe yana jan ciki. Abinda kusan kowa ke fara yi shine ya ruga ya dama Peak ko Nido a murfin roba ya tura mata baki ciki, toh wannan tausayin shi ke kashe da yawansu. Rainon jaririyar kyanwa tsari gare shi kuma ba'a tsallake shi: ɗumi tukuna, sannan madara, sannan a sa ta fitsari da kashi.

Ka fara tabbatarwa uwar bata nan

Mage tana fita neman abinci ta bar 'ya'yanta na wasu awanni, kuma idan zata canza musu waje ɗaya bayan ɗaya take ɗaukarsu a baki, so wadda ka gani ita kaɗai wataƙila layi ne bai zo kanta ba. Idan jikinta da ɗumi, a tsaftace take, cikinta ya ɗan tasa tana barcinta, bar ta, ka barbaɗa toka ko gari zagaye da wajen ka matsa can nesa, bayan awa uku ko huɗu ka dawo ka duba ko akwai sawu. In ka tsaya a kanta uwar bazata zo ba. Amma in ka tarar jikinta yayi sanyi, ko a jiƙe take, ko kiyashi sun fara hawanta, ko kasan tabbas mota ta take uwar ko ta ci maganin ɓera, ba sauran jira, ɗauke ta.

Kafin ka ɗorawa kanka wahala ka tambaya a maƙwabta ko akwai magen da ta haihu kwanan nan. Mage mai shayarwa sau da yawa tana karɓar ɗan da ba nata ba musamman in tsaran nata ne, a goga tsumman da 'ya'yanta ke kwanciya a jikin baƙuwar a sa ta a tsakiyarsu, ka zauna ka ga yadda zata yi da ita kar ka juya baya. In ta fara lasarta shikenan ka huta, babu madarar da zaka saya da ta kai nonon mage.

Kwananta nawa a duniya

Sai kasan wannan kafin kasan yawan abinda zaka bata. In har cibiya na manne a cikinta bata wuce kwana 3 zuwa 5 ba. Ido a rufe, kunne a lanƙwashe ya kwanta a kai, bata cika sati ba ko kuma yanzu ta cika. Idon yana fara buɗewa ne tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kansa, dan Allah kar wani ya ce zai taimaka ya buɗe mata da yatsa. Ƙananan haƙoran gaba suna ɓullowa wajen sati 2 zuwa 3, lokacin ta fara tafiya tana tangaɗi, fiƙa kuma wajen sati 3 zuwa 4. Nauyinta ranar haihuwa yawanci wajen giram 90 zuwa 110 ne.

Ɗumi

Nan ne zan fi daɗewa don nan aka fi yin asara. Jaririyar kyanwa bata iya ɗumama jikinta da kanta sai ta kai wajen sati 3 zuwa 4, da jikin uwa da na 'yan'uwanta take jin ɗumi, in babu su jikinta sai ya bi sanyin wajen da take kwance, siminti ne ko ƙasa. Kuma idan jikin yayi sanyi hanjinta tsayawa yake, madarar da ka ɗura sai ta zauna a ciki ta ruɓe ko ta dawo ta shaƙe ta. Shi yasa ko tana ihun yunwa ba'a ciyar da mai sanyin jiki.

Taɓa tafin ƙafarta da kunnenta, ka sa ɗan yatsa mai tsabta a bakinta, in kaji sanyi toh ɗumamawa ce aikinka na farko. Goge ta ta bushe in a jiƙe take, ka naɗe ta a tsumma mai laushi ka sa ta cikin rigarka ta jingina da fatar jikinka kana ɗan murza ta a hankali, a haka zaka yi minti 30 har zuwa awa ɗaya. Ba'a gaggawa, kar ka tsoma ta a ruwan zafi, kar ka kanga ta a murhu, kar ka shanya ta a rana.

Ɗakinta kwali ne kawai, irin na taliya ko na sabulu, a shimfiɗa tsohon zani ko tawul wanda zarensa bai zazzago ba don farcenta na maƙalewa. Ka cika robar ruwa mai murfi da ruwan zafi, ba tafasasshe ba, ka ɗaure murfin tamau ka naɗe ta da tsumma ninki biyu ka ajiye a gefe ɗaya na kwalin, ɗaya gefen a bar shi haka don in zafi ya ishe ta ta ja jiki ta koma can. Ruwan yana hucewa cikin awa biyu zuwa uku, daidai lokacin da zaka tashi bata madara kenan, sai ka haɗa aikin biyu. A satin farko ana so cikin kwalin ya kai digiri 30 zuwa 32, daga nan a rinƙa ragewa har wajen 24 in ta kai wata ɗaya. Da hunturu, Disamba da Janairu, sanyin asuba kaɗai ya isa ya tafi da ita, a rufe saman kwalin da zani a bar 'yar kafar iska. Kaskon garwashi kuwa kar ya kwana kusa da ita a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa da ba'a gani mutum ma yana kashewa balle ita. Da bazara kuma, Maris zuwa Mayu, abin juyewa yake, ɗakin kwano da rana tsaka ya wuce abinda take buƙata nesa ba kusa ba, cire robar ruwan ka mayar da kwalin ɗaki mafi sanyi amma ba saitin fanka ba. In kaga ta baje tana buɗe baki tana haki zafi ne yayi mata yawa.

Ka ɗora kwalin a inda ɓera da gafiya da muzurun unguwa baza su kai ba, kuma ka rinƙa duba ƙasansa, ɗigon madara ɗaya ya isa ya gayyato kiyashi da cinnaka. Yara ma a ja musu kunne, ba 'yar tsana bace.

In ta yi laƙwas bata ko iya ɗaga kai, dasashinta yayi fari, mai yiwuwa sukarin jininta ne ya faɗi. Jiƙa sukari ko garin gulukos da ruwa kaɗan yayi kauri, ka lakata da yatsa ka shafa mata a dasashi, shafawa kawai ba ɗurawa ba, ka maimaita bayan 'yan mintuna kana cigaba da ɗumama ta.

Wace madara

Madarar shanu sukarinta na madara yayi wa cikin kyanwa yawa, kitse da sinadarin gina jiki kuma sun yi kaɗan, sakamakon shine zawo, zawo kuwa a jikin da bai wuce giram 100 ba kwana ɗaya yana gamawa da shi. Madarar jarirai ta mutane ma ba tata bace, koko da kunu da ruwan shayi kam ba'a ma maganarsu. Abinda ya dace shine madarar gari da aka yi musamman don 'ya'yan kyanwa, akwai KMR, akwai Royal Canin Babycat Milk, akwai Lactol, ana samu a shagunan kayan dabbobi na manyan garuruwa ko a yi oda ta intanet, da tsada gaskiya amma gwangwani ɗaya yana kai kyanwa ɗaya nesa. Yadda ake damawa yana rubuce a jikin gwangwanin, bi shi yadda yake, in ka kaurara ta kashi zai ƙi fita, in ka tsinka ta bazata ƙoshi ba.

Toh in dare ne ko kana garin da babu fa. Akwai haɗin gaggawa da zai riƙe ta kwana ɗaya biyu kafin ka samo: madarar ruwa ta gwangwani marar sukari cokali 2 na cin abinci, tafasasshen ruwa da ya huce cokali 2, yogot ko kindirmo mai tsabta wanda ba'a sa wa sukari ba kusan cokali 3, sai gwaiduwar ƙwai 1 banda farin. A kaɗa sosai a tace da rariya don kar gudaji ya toshe sirinji. Nonon akuya da aka tafasa ya huce shima yafi na saniya sauƙi a cikinta, in an kaɗa gwaiduwa a ciki ya ƙara kyau. Duk waɗannan na wucin gadi ne, kar a ce tunda tana sha shikenan a zarce da su har yaye.

Haɗin da aka dama a firji yake zama kuma baya wuce awa 24, in wutar unguwarku irin tamu ce sai ka sa shi a kula da ƙanƙara, kana ɗiban na sha ɗaya kana ɗumamawa. Wanda aka ɗumama ya rage a zubar. Ɗumamawar ma ba'a kan wuta ba, zuba a ƙaramin kofi ka tsoma kofin a ruwan zafi, sannan ka ɗiga a bayan hannunka, in kaji ɗumi daidai jiki ba zafi ba sanyi yayi.

Yadda ake bata

Je kemis ka sayi sirinji na mil 1 ko mil 2, da na mil 5 don gaba, ka cire allurar ka jefar inda yaro bazai taka ba. In ka samu 'yar fidar kyanwa mai ƙaramin kan roba ta fi, sai dai ka duba hujin, in ka kifa ta madarar ta rinƙa ɗiga ɗaya ɗaya, in tana tsiyaya hujin yayi girma. Wanke hannu, wanke sirinjin da ruwan zafi duk bayan amfani.

Kwantar da ita rub da ciki a kan tawul a cinyarka, kanta a ɗan ɗage kaɗan yadda take kwanciya a jikin uwa. Kar ka taɓa kwantar da ita rigingine kamar jaririn mutum, ko ka riƙe ta a tsaye kana ɗura mata, madarar huhu zata tafi, in ta shiga huhu kuma ciwon huhu ne zai biyo baya wanda ba kasafai suke tashi daga shi ba. Riƙe kanta da yatsu biyu a hankali, sa bakin sirinjin ta gefen baki kan harshe, ka danna ɗigo ɗaya ka jira ta haɗiye, in ka ɗora yatsa a maƙogwaronta zaka ji haɗiyar. Ita zata ja ka ba kai zaka ja ta ba. Idan ta kama da kyau zaka ga harshen ya naɗe bakin sirinjin, kunnuwan suna ɗan motsi tare da kowace zuƙa, hannuwanta na gaba suna tattaka tawul ɗin. In madara ta fito ta hanci ko ta fara tari tsaya nan take, ka ɗan sunkuyar da kanta ƙasa ka goge hancin, ka bari numfashinta ya daidaita. Wadda bata iya haɗiya kwata kwata kar a matsa mata, wannan sai likita.

Yawan abinda zata sha a zama ɗaya, cikinta yana ɗaukar kamar mil 4 ne a kowane giram 100 na nauyinta. Satin farko mil 2 zuwa 6 duk awa 2, dare da rana, eh har da ƙarfe biyun dare da huɗun asuba, sa alam a waya ko ku raba kwana da wani a gidan. Sati na biyu mil 6 zuwa 10 duk awa 2 zuwa 3, na uku mil 10 zuwa 14 duk awa 3 zuwa 4, na huɗu mil 14 zuwa 18 duk awa 4 zuwa 5, a nan ne zaka fara samun barci. Gara ka bata kaɗan kaɗan akai akai da ka cika mata ciki lokaci ɗaya, cikin ya tasa da laushi ake so, ba ya ɗaure tamau ba. In ta gama ka jingina ta a tafin hannunka ka ɗan bubbuga bayanta da yatsa ta yi gyatsa.

In zaka iya ka ari sikelin kicin irin na masu yin kek, ka rinƙa auna ta kullum lokaci ɗaya kana rubutawa. Lafiyayya tana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana. Ido baya ganin wannan, sikeli ne ke fara gaya maka akwai matsala tun kafin ta kwanta, in nauyin ya tsaya kwana biyu ko ya ragu ka nemi likita.

Fitsari da kashi

Wannan ne mutane da yawa basu sani ba sam. Jaririyar kyanwa bata iya fitsari ko kashi da kanta sai uwar ta lashe mata gindi, so in ka ciyar da ita ka ajiye, mara zata cika ciki ya kumbura tana ta kuka kai kuma kana ƙara mata madara kana zaton yunwa ce. Duk bayan ci, wasu ma kafin ci suke yi kuma duk ɗaya ne, ka jiƙa auduga ko tsumma mai laushi da ruwan ɗumi ka rinƙa shafa ƙasan wutsiyarta da mararta a hankali kana zagayawa, cikin 'yan daƙiƙu zaka ji audugar tayi ɗumi, kar ka tsaya sai fitsarin ya ɗauke. Fitsari kowane zama ya kamata ya zo, kalarsa fari fari mai ɗan rawaya, in yayi rawaya sosai ruwan jikinta ya ragu. Kashi kuwa sau ɗaya a rana ne ko makamancin haka, rawaya zuwa ruwan ƙasa, kaurinsa kamar makilin. In ya tsinke, ko yayi kore ko fari, ko da jini, ko an kwana biyu babu shi, akwai magana. Zawo mai sauƙi yawanci cika ciki ne ko madara ta lalace, rage yawan ka ɗan ƙara ruwa a damun na sha biyu uku, ka ɗiga mata ruwan ORS kaɗan a tsakani, in ya wuce yini ɗaya kar ka zauna. Bayan an gama a goge ta a busar, fitsari in ya zauna a fatar yana sa ta ja ta saluɓe. Haka zaka yi ta yi har wajen sati 3 zuwa 4.

Abubuwan da ke cikin gida masu kashe ta

Farasitamol guba ne ga kyanwa babba ma balle jaririya, hantarta bata iya sarrafa shi, ɗan ɓallin ƙwaya ya isa. Kar a bata kowane maganin mutane, har ragowar sirof ɗin yara. Dettol da Izal kar su taɓa jikinta ko shimfiɗarta. In ka ga ƙuma a jikinta, kuma ƙuma suna iya shanye mata jini har ta mutu, kar ka kusanto da fiya-fiya ko Sniper ko hodar ƙwari ko maganin kaskar karnuka da shanu. Tsince su zaka yi da matsefi mai ƙananan haƙora kana jefawa a ruwan sabulu, in sun yi yawa kuma jikinta da ƙwari ka wanke ta daga wuya zuwa ƙasa da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwanuka na ruwa, cikin minti biyu ka gama, ka goge ta ta bushe ƙarau ka mayar da ita jikin robar ɗumi, shimfiɗar kuma a canza. Maganin sauro na kunnawa da na fesawa a fitar da kwalin daga ɗakin tukuna.

Ido in ya kumbura ko yana fitar da ruwa mai kauri ya manne, dasa mata auduga mai ruwan ɗumi ka goge a hankali, sannan a kai ta a duba don mugunya na taruwa a ƙarƙashin fatar idon ta makantar da ita. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai kuma asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'ar Ahmadu Bello Zariya da ta Usmanu Danfodiyo Sakkwato da ta Maiduguri, kar kaji kunyar shiga da kwali a hannu don wani zai ce kyanwa ce kawai, duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ta hana abinci. Kuma ka sani wani lokacin zaka yi komai daidai ta mutu, musamman wadda bata samu nonon farko na uwa ba, wanda a yinin farko na haihuwa kaɗai jikinta ke iya ɗaukar kariyar da ke cikinsa.

Kai ma ka kiyaye kanka, wanke hannu kafin da bayan taɓa ta, in kaga gashinta na zubewa a zagaye wataƙila makero ne kuma yana kama yara, mai juna biyu kuma ta bar wa wani aikin kwashe kashin.

Yaye

Wajen sati 4 zaka ga ta fara tauna bakin sirinji tana bin yatsanka da cizo, lokaci yayi. Dama madararta da abincin kyanwa na gwangwani ko na leda mai laushi, in babu a dafa kaza ko kifi ba gishiri ba magi ba yaji, a cire ƙaya tas a niƙa yayi ruwa ruwa, a zuba a faranti marar zurfi. Lakata ka shafa mata a leɓe ta lasa, kar ka danna kanta ciki. Kwanakin farko da ƙafa zata shiga farantin ta fito dumu dumu, goge ta kawai, kuma ka cigaba da bata madara a gefe kana ragewa a hankali har zuwa sati 6 zuwa 7. Ruwan sha a ƙaramin murfi kullum. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, so romon miya da ragowar abincin gida ba nata bane, tuwo da shinkafa zalla kuma basa riƙe kyanwa, jikinta nama yake buƙata.

A daidai wannan lokacin ka samo tire ko kwali marar tsayi ka zuba yashi mai tsabta, duk bayan ci ka ɗora ta a kai ka kama hannunta ka ɗan tona yashin, in ka ajiye audugar da ka goge mata kashi a ciki warin zai nuna mata wajen, basa daɗewa suke ganewa.

Maganin tsutsar ciki ana iya farawa tun sati 2 zuwa 3 amma likita ne zai auna ta ya faɗi adadin, kar ayi kintace. Allurar rigakafi ta farko tsakanin sati 6 zuwa 8 ake yi, a maimaita bayan sati 3 zuwa 4, ta ciwon haukan kare kuma daga wata 3. In zaka bayar da ita ga wani ka bari ta cika sati 8 tana cin abinci da kanta, in kuma a gidanka zata zauna kuma mace ce ka tambayi likitan maganar aikin hana haihuwa tun da wuri, don tun tana wata 4 zuwa 6 muzuru zai iya yi mata ciki.